Dan Allah a yi tunani kafin a sayi kifin nan mai kalar zoɓo

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka baki ɗaya.

Abin da ya sa na rubuto shi ne kwanaki ƙanina ya turo min hoton wani kifi daga gida, wai ya ga wani na tallarsa a Facebook kuma yana so ya saya ya zuba a akwatin gilashin da ke falonsa tare da ƴan jajayen kifayensa na ruwan daɗi. Ina ganin hoton gabana ya faɗi, domin kifin nan na san shi, shekara huɗu ke nan ina kiwonsa a nan Malesiya inda nake zaune. Masu sana'ar na kiransa maroon clownfish, masana kuma Premnas biaculeatus, ɗan uwan kifin nan ne mai ruwan lemo da yara suka sani a katun, sai dai shi ja ne mai duhu kamar zoɓon da aka jiƙa da kyau, da ratsi uku a jiki, kuma halinsu sam ba ɗaya ba ne.

Na farko dai kifin teku ne, gidansa cikin murjani, wato halittun nan masu kama da duwatsu a ƙarƙashin ruwa, a tekun Indunusiya da Filifin da Sabuwar Gini har zuwa arewacin Ostareliya, in ka sa shi a ruwan famfo ko na rijiya ba zai kwana ba. Kuma ba gishirin miya ake zuba masa ba, akwai gishirin teku na musamman da ake haɗawa da tataccen ruwa, kimanin giram 35 a kowace lita, ma'aunin gishirin ruwa ya nuna 1.025 ko kusa da haka, zafin ruwan kuma ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27. In ruwan ya ragu saboda tururi to tataccen ruwa zalla za ka ƙara, ai gishirin bai tafi ko'ina ba. Sannan tankin kansa sai ya yi sati huɗu zuwa shida famfon da ke juya ruwan na aiki babu kifi a ciki, har ƙwayoyin bakteriya da ke cinye dattin kifin su zauna a duwatsu. Mai gaggawa shi ke fara asara.

Amma inda na fi so mutane su ji shi ne maganar faɗansa, don nan ne na sha kashi. Ran da na fara saye mai shagon ya ba ni guda biyu masu girma ɗaya ya ce ai za su saba, ni kuma na yarda. Kwana uku wallahi ɗayan na maƙale a saman tanki bayan bututun famfo, jelarsa duk a yayyage, ya ƙi cin komai, da safe na huɗu na tarar ya mutu, kuma har yau in na tuna raina na ɓaci domin ni na jawo masa. Daga baya na gane yadda Allah ya tsara su: dukkansu ba wanda ake haifa mace, wanda ya fi ƙarfi a wuri shi ke rikiɗa ya zama mace, ta girma har ta kai santimita 17, namijin kuma ya zauna ɗan mitsitsi kusa da ita. To in ka haɗa manya biyu ka haɗa kishiyoyi a ɗaki ɗaya ke nan. Da na sake gwadawa ƙarami sosai na samo, na sa shi a ɗan akwatin roba mai ɓula a cikin tankin babbar da ta rage tana ganinsa ba ta iya taɓa shi, bayan sati na sake shi, ta taso masa sai ya karkace jiki yana karkarwa, wannan ita ce alamar ya miƙa wuya, daga nan ta ƙyale shi.

Yanzu har ƙwai suke yi a jikin dutse, shi ne ke tsayawa a kansu yana yi musu fifita da fiffikensa yana tsince waɗanda suka lalace har su ƙyanƙyashe bayan kamar sati guda. Ita kuwa uwargidan ko hannuna ba ta bari, ina sa hannu zan goge gilashi take cizo, ta taɓa fitar min da jini a bayan yatsa, kuma ƙananan murjani da na jera in ba su yi mata ba da baki take ture su. Wani abu kuma, suna da ƙaya a kumatu ƙasan ido, kar a kama su da raga don tana sarƙewa, da ƴar roba ake kwaso su.

Akwai wata halitta mai kama da fure da suke kwana a ciki, animoni mai kumburarrun yatsu, masu sayarwa na son haɗa maka da ita amma ba dole ba ce, kifin na rayuwa lafiya babu ita, ita kuma tana son haske mai ƙarfi da tankin da ya yi aƙalla wata shida.

Abin da na gaya wa ƙanina shi ne ya fara duba maganar wuta. Ni nan ba a cika ɗaukewa ba, shi kuwa a gida wani lokacin wuni guda babu, ga zafin Maris da Afrilu, ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai kuma in famfo ya tsaya na wasu awanni kifin zai fara haki a saman ruwa. In babu sola ko inbata da za ta riƙe famfon dare da rana, in babu tanki mai cin lita 120 ko fiye, dan Allah a haƙura. Wanda kuma ya shirya ya nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo, domin wasu masunta a Filifin da Indunusiya da gubar sayanaid suke sumar da kifin murjani su kama, murjanin ma ya mutu.

Ƙanin nawa dai ya ce zai tsaya a kan jajayen kifayensa sai ya haɗa sola tukuna, na ce masa in lokacin ya yi ni zan aiko masa da ma'aunin gishirin.

Naka mai karanta jaridarku,
daga Kuala Lumpur, Malesiya