Wasiƙa zuwa ga aminina a Fatakwal

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan Kaduna hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari.

Ka ce an ba ka zaɓin yin aiki daga gida, kana neman shawarata. To, ni tun kullen korona na 2020 nake cikinsa.

Yana da daɗinsa. Na huta da sammakon tashi daga Kawo zuwa Barnawa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk ranar da ban tayar da mota ba riba ce. Ina samun jam'in azahar a masallacin layinmu. Gwamnatin jiha ma tun Disambar 2021 ta mayar da zuwa ofis kwana huɗu a mako.

Sai dai aikin ba shi da lokacin tashi. A ofis, biyar na yi kowa ya ɗauki jakarsa, kafin ka iso gida kanka ya huce. Yanzu saƙo zai shigo WhatsApp bayan isha'i, in ce bari in amsa guda ɗaya, kafin in ankara sha ɗaya ta gota. Idan an ɗauke wuta da rana, aikin sai ya jira dare. Ga kuma "ai kana gida": a aike ka cefane, ko a yi sallama da kai ana tsakiyar taro a Zoom, baƙo kuwa ba ya koruwa. Bayana ya riƙe, barci ya ragu. Abin da ya fi damuna, sai in kwana uku ban yi hira da kowa ba in ba maman yara ba, har ita ta fara cewa na zama mai saurin fushi.

Da na ga haka na mayar da ɗakin soro ofis. Ana kiran magariba nake rufe kwamfuta in sa a jaka, na kuma sanar da oga hakan. Bayan isha'i ina leƙa majalisa wajen mai shayi, wayar aiki tana gida.

Ka karɓa, amma ku yi magana a kan lokacin tashi tun kafin ka amsa, kuma ka nemi kwana biyu a ofis kowane mako.

Ka gaishe min da uwargida da yara. Za ku zo Sallah kuwa? In sani da wuri, a gyara muku ɗaki.

Naka,
Amininka na Kawo