Amsa ga dattijon da ya tambaye ni a rediyo

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ban san sunanku ba, muryarku kawai na ji ranar da kuka bugo waya a shirin rediyon da aka gayyace ni. Kun ce kun taɓa raka jikokinku wurin wasana, kuma abu biyu sun tsaya muku a rai. Me ya sa sai rawa ta yi daɗi, wuri ya ɗauki zafi, sannan in tsayar da ganga in jawo wata waƙa mai sanyi da ke kashe wa mutane jiki? Kuma me ya sa yaro kamata zai riƙa yawo daga wannan dandamali zuwa wancan yana kashe muryarsa, alhali sa'o'insa suna saka waƙa a intanet su yi kwanciyarsu a gida? Lokaci ya ƙure mana, abin da na samu na faɗa kawai shi ne "waƙar ta mahaifina ce". Na koma gida abin yana cina, domin tambayar babba ba a sallame ta da kalma huɗu. Tunda a bainar jama'a kuka yi ta, a nan zan amsa.

Shekara uku ke nan da mahaifina ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. Hannu da ƙafa sun ɗan dawo a hankali, amma magana ta tafi. Yana gane mu, yana fahimtar abin da ake faɗa, sai ya buɗe baki kalmar ta maƙale. In yana son ruwa sai ya kalli kofi ya kalle ni, in ban gane da wuri ba ya juya fuskarsa bango. Ni ke kwana da shi. Wani dare ina zaune a ƙasa kusa da gadonsa, jita a cinyata, ina taɓa ta ƙasa-ƙasa don kada in tashe shi, sai yatsuna suka bi wani kari da yake yawan rerawa a maƙoshi tun muna yara, in yana gyaran kekensa. Sai na ji murya a kaina. Ya kama karin, ya bi shi har ƙarshe, kuma a gaɓar ƙarshe sunana ya fito daga bakinsa, cikakke, a cikin waƙa. Wata biyar rabon da in ji ya kira ni. Ban motsa ba, na sake maimaita karin, ya sake bi.

Da na ba likitarsa labari ba ta yi mamaki ba. Ta ce a wurin yawancin mutane cibiyar magana tana ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, kuma shi ne ɓarin da ke sarrafa gefen dama na jiki, shi ya sa magana ta tafi tare da hannunsa na dama. Waƙa kuwa tana bin hanyoyi a ɓangarorin biyu, don haka takan tsira. Tun a 1973 wasu masana a Boston ta Amurka suka fitar da hanyar koya wa irin waɗannan marasa lafiya magana ta rera kalmomi, ana ɗan bubbuga hannun hagu a kan kowace gaɓa. Haka muka riƙa yi safe da yamma. Har yau maganarsa ba ta dawo yadda take ba, amma yana neman ruwa da bakinsa, yana amsa gaisuwa.

A kan wannan karin na gina waƙar da kuka ji. Baiti uku ne da amshi ɗaya, amshin kuma babu kalma a cikinsa, karin ne zalla kamar yadda yake yin sa.

Kun ce in saka waƙa a intanet in huta. Ina sakawa, Baba, ita ma tana can. Sai dai ku ji yadda ake lissafi a wurin. A Spotify, manhajar sauraron waƙa a intanet, sai mutum ya saurari daƙiƙa 30 ake ƙirga cewa an ji waƙa, kuma daga 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata 12 ba, ba a biyan mai ita komai a kanta. Wannan ya sa kowa ke gaggawar jefa amshi a farkon waƙa kafin yatsa ya ture ta. Tawa kuwa sai an wuce daƙiƙa 40 kalmar farko take fitowa. Wani mai haɗa kiɗa a situdiyo ya ce in yanke gabatarwar, na ƙi, domin abin da yake so in yanke shi ne daren nan da nake zaune ina jira. Lambar da waya ke nuna mini ba ta faɗa mini wa ya saurara, ko yana wanke-wanke ne, ko barci ya kwashe shi. A 2020 da korona ta rufe wuraren taro na yi watanni ina rera wa waya waƙa a ɗaki, na san yadda shirun yake.

A kan dandamali kuwa ido na ganin ido. Tarin mutane da motsin kujeru ne suka koya mini cewa baiti na biyu ya yi tsawo, na rage masa layi huɗu. Wani dare akwai wata mata a layi na uku, ta ɗaga waya tana ɗaukar bidiyo tun farkon wasa. Da amshin ya zo na ga hannunta yana sauka a hankali har wayar ta kwanta a cinyarta, ba ta ko kashe ta ba. Bayan an tashi ta tsaya a bakin ƙofa tana jira har muka gama naɗe wayoyi. Ta ce mahaifiyarta ta shekara ba ta yi magana ba. Muka daɗe a tsaye, na ba ta labarin da na ba ku, na ce ta tambayi likita batun rerawar. Saboda irin wannan tsayuwar a bakin ƙofa nake ɗaukar jita in fita.

Maganar kashe murya kuwa, gaskiyarku ce, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Murya wasu siraran tantani biyu ne a maƙogwaro, na namiji suna kaɗawa fiye da sau 100 a daƙiƙa ko da magana kawai yake yi. In lasifikar da ke gaban mawaƙi ba ta dawo masa da muryarsa sosai ba, sai ya yi ta ɗaga murya yana kokawa da ganga bai sani ba. Haka na yi dare uku a jere bara, muryata ta dishe, na yi mako biyu ina magana da hannu. A makonnin nan na ɗanɗani kaɗan daga abin da mahaifina yake ciki, kuma na tsorata. Yanzu ba na hawa sai an yi gwajin sauti, ba na kuma karɓar wasa uku a jere.

Kunne ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya 'yan shekara 12 zuwa 35 na cikin haɗarin rasa ji saboda ƙarar sauti, kuma a 2022 ta fitar da ƙa'ida cewa matsakaicin ƙara a wurin wasa kada ya wuce desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti. A wannan matakin minti 15 kacal kunne ke iya ɗauka lafiya. Ni da makaɗana yanzu duk muna saka abin toshe kunne a wurin wasa. Don Allah, in jikokinku sun sake zuwa, kada su tsaya jikin lasifika.

Na kai maganarku ga makaɗana, mai ganga ya ce ya daɗe yana son faɗa mini haka. Faɗowa daga kiɗa mai zafi kai tsaye zuwa waƙar nan yana yi wa mutane kamar an watsa musu ruwan sanyi, kuma ita kanta waƙar ba a yi mata adalci ba, rabin baitin farko yana ɓacewa a cikin hayaniya. Mun gyara jerin. Yanzu waƙa biyu masu matsakaicin gudu ne ke gabanta, don numfashi ya sauka kafin ta iso. Cire ta ne ba zan iya ba, Baba, ku yi mini afuwa a kan wannan.

In Allah ya sa kuka sake zuwa, ku zauna can baya kusa da mai haɗa sauti, nan ne aka fi jin komai daidai. Ita ce ta bakwai a jerin. Da kun ji ganga ta tsaya jita ta rage ita kaɗai, to ita ce, kuma amshin ba sai kun haddace komai ba kafin ku kama mana.

Ku huta lafiya.

Ɗanku,
mawaƙin da kuka yi wa tambaya