Leda guda ta jini tana iya ceton majinyata uku

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai albarka domin in yi tsokaci a kan abin da ya zama ruwan dare a zangunanmu na Kumasi, wato da zarar likita ya ce mai naƙuda tana bukatar ƙarin jini, sai dangi su sulale ɗaya bayan ɗaya, a bar mijin yana ta buga waya a harabar asibiti. A ganina, rashin sanin abin da jini ya ƙunsa shi ne tushen wannan tsoro.

Baligi yana ɗauke da kimanin lita 5 na jini, abin da ake ɗiba kuwa bai kai rabin lita ba. Idan aka juya shi a na'ura, yakan rabu kamar yadda gasarar koko take kwanciya, ruwa ya taso sama. Wannan ruwa mai launin rawaya shi ne kusan kashi 55 cikin 100 na jinin, shi yake kai abinci da gishiri sassan jiki, kuma jiki yana mayar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu idan mutum ya sha ruwa sosai.

Abin da ya kwanta a ƙasa su ne jajayen ƙwayoyi, waɗanda suke ɗauko iskar oksijin daga huhu ta hanyar sinadarin himoglobin mai ɗauke da ƙarfe. Su ne zazzaɓin cizon sauro yake farfasawa har tafin hannun yaro da cikin idonsa su yi fari fat, su ne kuma suke lanƙwashewa a jikin mai sikila. Kowace ƙwaya tana rayuwa kwana 120 ne kacal, ɓargo kuma yana ƙera sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, don haka wanda ya hana jininsa ma ba ajiye shi ya yi ba. Ƙarfen da ɓargo yake bukata kuwa yana cikin hanta da nama da wake da kontomire (ganyen gwaza), ba a gaurayen malta da madara da muke rububin kai wa majinyata ba.

Tsakanin biyun akwai fararen ƙwayoyi masu yaƙar cuta, da kuma 'yan mitsi-mitsi masu daskarar da jini a bakin rauni. Leda guda tana iya ceton majinyata uku ne saboda ana raba ta zuwa ruwan jini da jajayen ƙwayoyi da 'yan mitsi-mitsin nan. Waɗannan na ƙarshe ba sa wuce kwana 5 a ajiye, alhali ruwan jini yakan shekara a daskare, shi ya sa asibiti irin Komfo Anokye yake bukatar masu bayarwa a kai a kai, ba sai ranar hatsari ba.

Ina kira ga limamanmu da sarakunan zango na Aboabo da Asawase da Sawaba da su gayyato Hukumar Kula da Jini ta Ƙasa zuwa masallatai bayan sallar Juma'a, domin duk mai lafiya daga shekara 17 zuwa 60, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, a gwada shi ya bayar.

Wassalam,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi.