Rawayar idon mai sikila ba ta jiƙo ba ce

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafinku na lafiya saboda abin da na tarar a gidan ƙanwata a Tudun Wada ranar Juma'ar da ta wuce. Ɗanta mai shekara 7 yana da sikila, idonsa ya koma ruwan ɗorawa, ga kwanon sha a gefensa cike da jiƙon sassaƙe, wai shawara ce ta taso. Kakarsa ta ce, "Malam, ku dai da bokonku, wannan tun kaka da kakanni ake sha." Ban ja da ita ba, uwa ce. Amma na shekara 20 ina koyar da bayoloji, shiru ba zai yiwu ba.

Jar ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120, ta mai sikila da ƙyar take wuce 20. Jiki yana da masu shara, wasu manyan fararen ƙwayoyi da ake kira makrofej, ga su nan jingim a hanta da saifa. Wasu matattun ƙwayoyin ɗungurungum suke haɗiye su. Wasu kuwa a cikin jijiya suke fashewa, hemogulobin, jan sinadarin cikinsu mai ɗaukar iskar oksijin, ya zube, kuma in yana yawo sakaka guba ne, ƙoda ce ke shan wahalarsa. Sai wani furotin mai suna haptogulobin ya damƙe shi, makrofej ta cafko su biyun da wata 'yar ƙugiya da ke jikinta, CD163, ta haɗiye. Masu bincike a Aarhus ta ƙasar Denmak ne suka gano aikin ƙugiyar nan a 2001. Can cikin makrofej ake ware sinadarin ƙarfen da ke cikin hemogulobin a adana, wani sashe na abin da ya rage ya zama bilirubin, rawayar nan da muke gani a ido ke nan.

A jikin mai sikila shara ta fi ƙarfin masu shara, haptogulobin ɗinsa ma ƙarewa yake yi. Jiƙo ba ya hana ƙwayoyin fashewa, ƙila ma ya ƙara wa hanta nauyi.

Don Allah ku nemo likitan jini daga asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, ya faɗa wa iyaye da Hausa lokacin da rawaya ta zama ta gaggawa: fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, tafin hannu ya yi fari fat, ko zazzaɓi ya shigo.

Ƙanwata dai ta kai yaron asibiti ranar Litinin. Kwanon kuwa yana nan ƙarƙashin gadon kakarsa.

Naka,
Wani malamin sakandare,
Sabon Gari, Zariya