Zuwa Ga Iyayen Yara: Batun Mashaƙo Da Zuwan Masu Rigakafi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, da duk mai riƙon yaro a wannan makaranta, muna gaishe ku da fatan iyali suna lafiya. Wasiƙar wannan karo kusan dukkanta a kan magana ɗaya take, wato cutar mashaƙo. A daure a karanta ta har ƙarshe, a kuma karanta wa iyaye mata na cikin gida, don su ne suka fi sanin jikin yaran.

Labari ya riga ya zaga unguwa, kuma an yi masa ƙari a hanya. Ga gaskiyar abin da ya faru. A makon jiya malamar aji uku ta ga wata ɗalibarta ta kifa kai a kan benci, jikinta da zafi, muryarta ta dushe, ko ruwa ba ta iya haɗiyewa. Ba ta ce mata ta tafi gida ta kwanta ba. Ta fitar da ita daga cikin yara, ta haska bakinta da fitilar waya, ta ga wani abu fari-fari mai ruwan toka ya shimfiɗu a maƙogwaro, nan take ta aiko a kira ni. Allah Ya saka wa wannan malama da alheri, Ya ba mu irinta da yawa. Yarinyar tana asibiti, tana samun sauƙi. Babu wanda ya rasu a makarantar nan, kuma masu yaɗa cewa an rasa yara su ji tsoron Allah. Ba za mu faɗi sunanta ba, ku ma kada ku riƙa tatsar 'ya'yanku don jin 'yar gidan wa ce. Cuta ba abin kunya ba ce.

A ranar muka sanar da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da jami'in sa ido kan cututtuka, kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Ma'aikatan lafiya sun zo, sun ɗauki sunayen 'yan ajin da malamansu, sun duba maƙogwaron kowa, sun ba waɗanda suka yi cuɗanya da ita magani, za kuma a sa musu ido har kwana 10. Wanda aka ba ɗansa maganin nan ya tabbata yaron ya shanye shi duka, ko da bai ji komai a jikinsa ba.

Mashaƙo ba sabon abu ba ne a gare mu yanzu. Tun Disambar 2022 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, wato NCDC, ta samu rahoton ɓullarsa a Kano da Legas, kuma a duk jihohin ƙasar nan Kano ce ta fi ɗaukar nauyinsa. Mafi yawan waɗanda suka kamu 'yan shekara 2 zuwa 14 ne, wato dai sa'o'in yaran da ke zaune a azuzuwanmu, kuma akasarinsu ba a kammala musu rigakafi ba. Ƙwayar cutar tana bin tari da atishawa da yawu, takan ɗauki kwana 2 zuwa 5 kafin ta bayyana. Abin da ke sa ta zama mugu shi ne dafin da take saki cikin jini. Fatar da take shimfiɗawa a maƙogwaro tana iya toshe numfashi, dafin kuma yana taɓa zuciya da jijiyoyi, har yaro ya zama kamar ya warke sannan ya faɗi daga baya. A asibiti akwai allurar da ke karya dafin, amma ba ta gyara ɓarnar da ya riga ya yi. Shi ya sa jinkirin yini ɗaya yake da tsada.

A nan ne zan yi magana da babbar murya. Yaro ya ce wuyansa yana ciwo, sai a ce hakin wuya ne, a kira wanzami, ko a aika kemis a sayo na zazzaɓi, washegari a sa masa kayan makaranta a turo mana shi. Wannan ba tausayi ba ne, ga yaronku ko ga 'ya'yan mutane. Muna girmama wanzamai, amma wannan ciwon ba na aska ba ne. In aka kankare fatar nan jini take yi, dafin kuma yana nan yana aikinsa. Zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, kumburin wuya, dushewar murya, ko numfashi mai ƙara: a wuce asibiti mafi kusa a ranar, su za su tura ku inda ya dace, kuma a 2023 an ware sashen masu wannan cuta a Asibitin Murtala. A aiko mana da saƙo. Ba za a rubuta wa yaron fashi ba, in jarrabawa ta wuce shi za mu yi masa tasa.

Wasu iyaye sun zo ofis suna neman a rufe makaranta. Na fahimci tsoronku. Amma rufe makaranta ba a hannun shugaba yake ba, hukumar ilimi ce ke yanke wannan da shawarar ma'aikatan lafiya, kuma ba su ga dalilinsa ba zuwa yanzu. A ganina sun yi daidai. In muka sallami yaran nan ba ɗaki za a kulle su ba. Za su tafi islamiyya, su tafi talla, su cika layi da wasa, ba mai duba maƙogwaronsu da safe, ba mai tara su wuri guda a yi musu allura. In umarni ya sauya, daga bakinmu za ku fara ji.

Ranar Laraba mai zuwa masu rigakafi za su wuni a nan. Kyauta ne, ko kwabo ba za a karɓa ba. Kowane yaro ya zo da katinsa in akwai, wanda ya ɓace ma ya zo. Allurar jarirai ta mako 6 da 10 da 14 tana ɗauke da kariyar mashaƙo, amma ƙarfinta yana raguwa da shekaru, wanda kuma bai taɓa samu ba allura ɗaya ba ta ishe shi, za su dawo bayan mako huɗu. Hannu zai iya yin tsami, jiki ya ɗan yi ɗumi yini ɗaya ko biyu. Iyaye mata na iya kawo ƙannen yaran na goye.

Takardar amincewa da muka raba, har yau wasu gidaje ba su dawo da ita ba, wasu kuma sun aiko cewa maigida ya hana. Ban raina wannan shakka ba. Garin nan bai manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Amma mu tuna da 2003, da aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano: cutar ta ƙaru, kuma kowa ya san gidan da ake da matashi mai jan ƙafa. Da aka koma aka rungumi rigakafin, a 2020 aka shelanta cewa an kawar da nau'inta na asali, wanda ake kira wild polio, daga Afirka. Allurar mashaƙo ba gwaji ba ce, an daɗe ana yin ta a duniya tun kafin a haifi yawancinmu. Mai tambaya ya zo da kansa ranar Laraba ya yi wa ma'aikatan. Muna godiya ga limamin unguwa da mai unguwa da suka yi wa jama'a bayani bayan sallar Juma'a.

A cikin makaranta mun ɗauke kofin randa. Kowane yaro ya zo da gorar ruwansa da sunansa a jiki, a kuma ja musu kunne kan shan leda ɗaya da gutsirar alawa ɗaya. Tagogi a buɗe suke wuni. Malamin tsafta da maigadi suna nan bakin ƙofa tun kafin bakwai da buta da sabulu, ba wanda ya ƙara musu ko sisi, Allah Ya biya su.

An ɗage musabaƙa da wasannin ƙarshen zango sai abin da hali ya yi. Jarrabawa tana nan yadda aka tsara. Masu makara sun san kansu, ƙarfe takwas ake rufe ƙofa. Taron iyaye da malamai zai biyo bayan zagaye na biyu na rigakafin, za a aiko da rana.

Takardar amincewa dai ta iso hannun malamin aji kafin tashin ranar Litinin.

Wassalam,
Shugaban Makaranta