Wasiƙar godiya ga garejin da ya farfaɗo da malejin tsohuwar motata

Assalamu alaikum Maigida, tare da dukkan yaran gareji.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin abin da na faɗa muku a tsaye ranar da na karɓi mota bai kai rabin abin da ke raina ba. Kun hana ni ambaton suna, to na bi umarni. Duk wanda ya san ku zai gane ku daga yadda aikin ya gudana.

Motar tsohuwa ce, ƙirar Japan, na gaje ta daga mahaifina, Allah ya ji ƙansa. Malejinta irin na da ne, mai aiki da kebur, babu ruwansa da kwamfuta. Ciwon ya fara ne a hankali. Da farko allurar ta riƙa rawa idan ina tafiya sannu, ta yi sama ta yi ƙasa kamar mai jin sanyi. Daga baya wani ƙara ya biyo, ƙiii, daga bayan sitiyari, musamman da sassafe. Na yi ta cewa gobe, gobe, har ranar da allurar ta kwanta a kan sifili ta ƙi tashi. Wata uku ina tuƙi da kunne da kintace.

Kafin in zo wurinku na je wani wuri. Ko bonet ba a buɗe ba aka yanke hukunci: maleji ya mutu, sai an sayo wani. Na kusa yarda. Abin da ya hana ni shi ne lambobin kilomitan da ke jikinsa, waɗanda mahaifina ya tara da ƙafarsa a kan totur. Ban so a cire su a jefa a kwandon tarkace.

Maigida, tambayarku ta farko ita ce ta kwantar mini da hankali. Kuka ce, "Alhaji, lambobin nan na ƙasa suna juyawa, ko su ma sun tsaya?" Na ce sun tsaya tare da allurar, rana ɗaya. Kuka ce to da wuya laifin ya zama na malejin kansa, domin kebur ɗaya ne ke ciyar da su duka biyun. Da a ce lambobin na tafiya allura ce kawai ta kwanta, da sai a zargi cikin malejin. Tunda sun mutu tare, sai a sauka ƙasa a nemi inda juyin ya yanke. Ban taɓa tunanin abin haka ba, ga shi kuwa ko yaro zai fahimta.

Kuna kwance ƙarƙashin mota kuna yi mini bayani, ni ina tsugune ina saurare. A jikin giyabos akwai wata ƙaramar giya ta roba da take juyawa tare da sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyi. Ita ke murza wata waya mai laushi da aka nannaɗe da siraran silalla, wadda ke kwance cikin kube tun daga giyabos har bayan maleji. Bakunan wayar biyu masu kusurwa huɗu ne don su kama ramin da suke shiga. A can sama wayar tana juya maganaɗisu a cikin wani ɗan kofi na alminiyom. Abin mamaki, maganaɗisun ba ya taɓa kofin ko kaɗan. Juyinsa ne ke haifar da 'yar wutar lantarki a jikin kofin, ita kuma ta sa kofin ya so bin sa. Wani siririn sifirin kamar gashi yana riƙe da kofin, yana ja da baya. Gwargwadon saurin juyi, gwargwadon yadda kofin ke rinjayar sifirin, allura kuwa a jikin kofin take. Da na koma gida na bincika, sai na tarar wani Bajamushe mai suna Otto Schulze ne ya yi rajistar wannan dabara tun 1902. Fiye da shekara ɗari ke nan, kuma ita ce dai a motata.

Gwajin da kuka yi shi ne ya fi burge ni. Kuka kwance kebur daga ɓangaren giyabos, kuka danƙe bakin wayar a bakin injin huda, kuka sa shi juyin baya don ya dace da yadda wayar ke juyawa a motar. Ƙaramin yaronku ya zauna a kujerar direba yana kallo. Sai ga shi ya ɗaga murya, "Oga, ta tashi! Amma tana tsalle." Wannan magana guda ta raba gardama gida biyu. Tashin allurar ya nuna malejin yana da rai. Tsallen kuma ya nuna wayar tana sarƙewa a wani wuri cikin kubenta, ta tsaya ta tara ƙarfi, sannan ta ƙwace.

Da aka zare wayar aka shimfiɗa ta a kan tebur, kuka mirgina ta da tafin hannu. Lafiyayyar waya tana mirginawa sumul. Tawa kuwa sai da ta yi wutsil-wutsil a tsakiya, inda ta tanƙware, silalla biyu ko uku sun tsinke sun miƙe kamar ƙaya. Kuka bi kuben da hannu har kuka kai inda ya kwanta a jikin salansa ya narke. Ashe wani ne, a wani gyara na baya, ya cire maƙalin da ke riƙe shi bai mayar ba. Zafi ya busar da man ciki, waya ta yi tauri.

Da wani ne da a nan ya tsaya, ya sa sabon kebur ya sallame ni, in dawo bayan kwana biyu ina ƙorafi. Ku kuwa kuka ce wayar da ba ta tsinke gaba ɗaya ba bai kamata ta kashe allura ɗungurungum ba, akwai sauran magana. Kuka zaro ƙaramar giyar nan daga giyabos, sai ga haƙoranta sun cinye a gefe guda, sun yi sulɓi. Wayar da ta yi tauri ce ta yi ta gardama da ita har robar ta sallama. Kuka ƙirga haƙoran sau biyu a gabana, kuka ce dole sabuwar ta zo da adadi ɗaya, in ba haka ba maleji zai riƙa ƙarya, ko ya ƙara ko ya rage. A nan ne kuka gaya mini cewa yawancin malejin Japan na wancan zamani an tsara su a kan juyi 637 a kowace kilomita, wato idan waya tana juyi 637 a minti ɗaya, allura ta nuna 60. Haka kuma kuka duba girman tayoyina, domin taya da ta fi ta asali girma tana sa maleji ya nuna ƙasa da gudun da ake yi.

Ba zan ɓoye ba, jiran giyar ya ɗan gundure ni. Kwana uku mota tana wurinku, kuma bencin baƙin nan naku yana neman kafinta. Amma na fi son jiran da a sa mini wadda ba tata ba, kamar yadda kuka ce akwai wata a hannu mai haƙori ɗaya fiye, kuka ƙi sa ta.

Wajen haɗawa ma na ga kula. Kun canza ɗan sil ɗin da ke hana man giya hawa cikin kube, domin idan ya lalace wayar tana jan man sama har ya shiga maleji ya ɓata shi. Kun shafa wa sabuwar wayar mai marar kauri, kuka bar kusan taƙi guda na ƙarshen sama babu komai, saboda wannan dalilin. Yaronku ya ɗauko giris mai kauri, kuka ce ya mayar, cikin sanyin murya, ba tsawa. Sannan kuka bi da kebur ta hanyarsa ta asali, nesa da salansa, ba lanƙwasa mai tsanani, kuka sa sabon maƙali.

Muka fita gwaji, ku a gefe riƙe da wayar hannu mai nuna gudu ta tauraron ɗan'adam. Allura ta tashi lumui, babu rawa, babu ƙara. Tana kan 80, wayar hannu tana cewa 76. Na ɗan ɓata fuska, kuka yi dariya kuka ce haka ake so. Gaskiyarku ne: ƙa'idar da ƙasashen Turai da wasu da dama ke bi ta hana maleji nuna ƙasa da ainihin gudu, amma ta yarda ya haura da abin da bai wuce kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4 ba.

Tsohuwar wayar da cinyayyar giyar da kuka ƙulla mini a leda suna nan a but. Lambobin mahaifina sun ci gaba daga inda suka tsaya, jiya ma na ga sun ƙara ɗari uku da 'yan kai. A gaishe mini da yaron nan da ya zauna a kujerar direba. Allah ya ƙara buɗi, ya tsare hannuwanku.

Naku,
Mai tsohuwar motar nan da kuka sani