Sanarwa ga Ƴan Zumuntar Mata

Salama a gare ku, iyayena da ƴan'uwana mata cikin Ubangiji.

Ranar Laraba da ƙarfe 4 na yamma za mu taru a majami'a domin addu'a. Kowa ta karanto Habakuk 3:17-19. Annabin bai ɓoye halin da ake ciki ba: ɓaure bai yi toho ba, gonaki ba amfani, garke ba tumaki, duk da haka ya ce zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Ayar nan ta riƙe ni sosai bana, ganin wasunmu ba su iya shiga gona ba saboda rashin tsaro.

Mai hali ta riƙo mudun masara ko gero domin gwaurayenmu.